Sawun da Ya Bi Igiya

Sakatariyar ƙungiya ce ta fara ganin ɓarnar. Ta fito da sanyin safiyar Lahadi don ta liƙa wa motoci lambobi kafin a kama hanya, sai ta tarar da Gimbiya a gurbinta, amma ba yadda aka bar ta jiya ba. Fitilar dama ta tarwatse, bamba ya lotsa ciki, ga kuma 'yan tsinkayen tsintsiya sun maƙale a ƙarfen gaba.

Gimbiya farar motar Shugaban ƙungiyar masu tsofaffin motoci ce, ta kuma girmi yawancin masu zuwa kallonta. Duk shekara ƙungiyar kan ware ƙarshen mako guda. Ranar Asabar a jera motocin a filin da ke bayan tsohon kamfanin sabulu, a kewaye su da igiya, jama'a su zo kallo da ɗaukar hoto. Ranar Lahadi kuma a fita a jere a zaga gari, Gimbiya na gaba. 'Yan ƙungiya sun kwana a wani ƙaramin masauki da ke manne da filin, don kada kowa ya makara.

Kafin Sakatariya ta gama salati, mai shayin bakin ƙofa ya shigo da labarin da ya fi wannan muni. Da asuba mota ta buge matar da ke share titin gaban filin. Shi ya tsince ta cikin lambatu, baronta a kife, tsintsiyarta a karye. An kai ta asibiti, har yanzu ba ta san inda kanta yake ba.

Nan da nan fili ya cika, wasu da kayan barci, wani ma da buroshi a baki.

"Wato ɗaukar ta aka yi, aka je aka buge baiwar Allah, aka dawo aka ajiye mana," in ji Sakatariya. "Kuma ɗan gida ne. Ɓarawon waje ba ya dawo da mota."

Kowa ya saci kallon na kusa da shi.

Shugaba ya fito a hankali, ya tsaya gaban motarsa, ya shafa inda ya lotsa da tafin hannu. Mutane suka yi ta ba shi haƙuri kamar wanda aka yi wa rasuwa.

"Ina surukinka ne, ranka ya daɗe?" wani ya ce. "Ai muna da mai bin sawu a cikinmu."

*

Surukin nan, da ake kira Mai Sawu, ba ɗan ƙungiya ba ne. Shi dai ya san wannan mota ja ce, waccan kuma shuɗiya. A gandun daji ya yi aikinsa, yana bin sawun masu farautar sata, har ya yi ritaya. Abin da ya kawo shi filin, matarsa ce ta roƙe shi. Mahaifinta, wato Shugaba, ya ce bana gwiwa ta matsa masa, ba zai iya taka kuloci ba, yana son wanda zai tuƙa shi. Tun jiya Mai Sawu ke fama da tsohuwar giya mai taurin kai, da kuma zaman shiru kusa da dattijon da yake jin nauyinsa.

An yi ruwa daren jiya, ƙasa ta yi laushi. Ya roƙi kowa ya tsaya inda yake. A gefen ƙofar direba ya ga sawun dogayen takalman roba, sabo fil, a kan sawun taya. Ya bi shi. Mutane suka biyo shi a baya suna raɗa, wasu sun ɗaga wayoyi suna ɗauka. Rabonsa da a bi shi haka ya daɗe, kuma gaskiya abin ya yi masa daɗi. Ya ƙara sauri. Da ya ga inda sawun ya nufa, bai tsaya bin kowane taku ba, ya yanke kai tsaye zuwa ƙofar baya ta masauki. Can, gaban wani ɗan ɗaki, ga takalman a ajiye, taɓon jikinsu bai ko bushe ba.

Ya juyo, ya ɗaga murya fiye da yadda ake buƙata.

"Wanda ya fita da motar nan, waɗannan takalman ya sa. Daga nan ya tashi, nan ya dawo."

"Ai na Bakanike ne!" in ji wani daga cikin taron.

Bakanike shi ne mai gyaran motocin ƙungiya, kuma tun yana saurayi yake kula da Gimbiya. A ɗan ɗakin nan ya kwana. Kafin Mai Sawu ya ƙara kalma, an banko ƙofa an jawo shi waje da singileti. Wani ya ɗauke shi da mari. Wani ya juye akwatin kayan aikinsa cikin taɓo, sifanoni suka watse. Da aka lalubi aljihun wandonsa aka ciro mabuɗin Gimbiya na biyu, sai wuri ya kaure.

"Mabuɗin nan Maigida ne ya ba ni tun tuni," Bakanike ke faɗa, ba mai saurare. Ya hango Shugaba a bayan mutane. "Maigida, ka san ni! Maigida!"

Shugaba yana tsaye, kansa a ƙasa.

Sakatariya ta shiga tsakani da kyar. Ta ce a kulle shi a ɗakin, ta kira 'yan sanda, sun ce suna tafe bayan sun biya asibiti. Ba motar da za ta fita sai sun zo.

Mutane suka yi ta jinjina wa Mai Sawu, har da masu dafa kafaɗarsa. Shi kuwa shatin yatsun da ya gani a kuncin Bakanike ne ya tsaya masa a rai. Ya san abin da ya yi. Takalmi ya gano, ba mutum ba, kuma da yaronsa ne ya yi irin wannan aikin a daji, da ya sha faɗa.

*

Ya fara da mai gadin filin, wani dogon mutum da ke ta ba mutane labari a bakin ƙofa.

"Da idona na gan shi," in ji mai gadi. "Shi ne. Ya zo ya wuce fuu."

"Wa ya buɗe masa ƙofa?"

"Shi ya buɗe da kansa."

"Kana ina lokacin?"

"Ina nan kan bencina."

Mai Sawu ya dubi bencin. Yana fili, ruwan daren jiya ya jiƙe shi sharkaf, har yanzu yana ɗiga. Ya dubi bayan rigar mai gadi, a bushe take ƙayau. Sai ya leƙa cikin tsohuwar motar bas da ke ajiye kusa da ƙofa. A kujerar baya ga bargo a shimfiɗe, ga hula an naɗe ta an yi matashi.

Mai gadi ya bi idonsa, ya fara sosa ƙeya.

"Malam, ka rufa mini asiri. Ina da iyali."

"Me ka gani?"

"Ban ga komai ba. Cikin barci na ji ƙarar inji, na ce Bakanike ne ke ɗuma motoci. Ƙofar ma tun dare ban sa kwaɗo ba. Da na ji kowa na cewa shi ne, sai na ga in na ce ban gani ba, kaina za a dawo."

"Yanzu ka je ka daina ba da labarin."

*

Kusa da Gimbiya akwai wani sawun kuma, na takalmi mai tsinin baki. A duk filin mutum ɗaya ne ke sa irinsa: Dillali, mai saye da sayar da tsofaffin motoci, wanda kowa ya san shekara da shekaru yana bin Shugaba ya sayar masa da Gimbiya. Mai Sawu ya same shi a falon masauki yana shan shayi.

"Ka je wurin motar yau da safe."

"Ni? Kowa ma ya je."

"Kafin kowa. Sawun Sakatariya a kan naka yake. Ka zagaya ta, ka durƙusa gaban fitilar, ga taɓo nan a gwiwar wandonka."

Dillali ya ajiye kofi, ya sa hannu ya rufe gwiwar, sannan ya ga ba amfani, ya janye.

"Wallahi ban tuƙa ta ba. Ni ko mabuɗinta ban taɓa riƙewa ba, tsohon nan ko kujerarta ba ya bari in zauna."

"Na san ba kai ka tuƙa ba. Bayan an dawo da ita ka zo. Me ka je yi?"

"Kallonta. Kullum aka yi taron nan nakan fita da sassafe in kalle ta ni kaɗai, ba mai hantarata." Ya kawar da kai. "Sai na ga ta bugu. Injin da ɗuminsa."

"Ka ga tsinkayen tsintsiya?"

"Na gani."

"Ba ka ta da kowa ba?"

Dillali ya daɗe yana juya cokali cikin kofin da ba komai.

"Abin da ya fara zuwa mini a rai shi ne, yanzu kam zai sayar, kuma da araha. Na koma ɗaki ina lissafin inda zan samo fitila. Ban kawo cewa akwai mutum kwance a waje ba. Da na leƙa titi..." Bai ƙarasa ba.

Mai Sawu ya bar shi nan.

*

Sakatariya ta buɗe masa ɗakin da aka kulle Bakanike, ta tsaya daga waje. Yana zaune bakin katifa, leɓensa ya kumbura. Mai Sawu ya rasa inda zai sa idonsa.

"Bakina ne ya jawo maka wannan. Ka yi haƙuri."

"Ka faɗi abin da ka gani ne."

"Rabi na gani. Takalman, a waje ka bar su?"

"Masu masauki sun ce kada a shigar musu da taɓo. Duk wanda ya fito ta ƙofar baya zai gan su. Ko ya yi tuntuɓe da su."

"Wa ke da mabuɗi bayan kai?"

"Maigida. Shi kenan."

"Za a iya ta da ita ba mabuɗi?"

"A iya, in an tsinke waya. Ka duba ƙarƙashin sitiyari, in an taɓa za ka gani. Amma ko an ta da ita, Gimbiya ba ta yarda da baƙo. Kai da kanka jiya sau nawa ta mutu maka kafin ka kai ta gurbinta?"

Mai Sawu ya tuna yadda 'yan kallo suka yi masa dariya jiya.

"Ka ji fitarta da asuba?"

Bakanike ya kalli bango.

"Na ji."

"Ta mutu wa mai tuƙin?"

"Ba ta mutu ba. Bugu ɗaya ta tashi, ta fita sumul."

"Me ya hana ka leƙa?"

"Na ɗauka wanda ke da iko da ita ne." Ya yi saurin ƙarawa: "Ban ga kowa ba fa. Ba zan ce na ga abin da ban gani ba."

"Fitilunta lafiya suke kafin yau?"

"Lafiyarsu ƙalau. Bana kaɗai na canja ƙwan fitilar nan har na gaji. Duk na sa sabo, sai Maigida ya ce ba haske. Na ƙarshen da na sa, in ka tsaya gabansa sai ka rufe ido. Ya ce wannan ma da sauransa." Ya sunkuyar da kai. "Ni dai a hannunsa na tashi. Shi ya saya mini sifanar farko. Ka bar ni haka, Malam."

*

Mai Sawu ya koma filin shi kaɗai. Ya duba ƙarƙashin sitiyari, ba wayar da aka taɓa. Sannan ya yi abin da ya kamata ya yi tun farko: ya durƙusa ya bi sawun taku bayan taku.

Sawun takalman nan iri biyu ne a filin. Akwai na jiya da yamma, wanda ruwa ya ɗan shafe. Wannan na Bakanike ne, taku mai faɗi, ya ratsa tsakiyar fili kai tsaye daga mota zuwa masauki, kamar yadda duk mai sauri zai yi. Na asuba kuwa gajeren taku ne, dunduniyar na jan ƙasa, alamar takalmin ya yi wa wanda ya sa shi yawa. Kuma bai ratsa fili ba. Daga ƙofar baya ya nufi igiyar da aka kewaye motoci da ita, ya manne mata, ya bi ta duk tsawonta, ya sha kwana inda ta sha kwana, har ya iso Gimbiya ta doguwar hanya. Haka ma a dawowa.

Da farko Mai Sawu ya ɗauka ɓuya mutumin yake yi. Amma a gefen igiya ba abin fakewa, can ne ma fitilar masauki ta fi haskawa. Sai ya lura da turakun ƙarfen da aka ɗaura igiyar. Kusan a kowane turke mutumin ya yi karo, sawun ya nuna ya ja baya ya gyara. A wuri guda akwai kwatami cike da ruwa, wanda ko yaro zai kauce masa. Shi ya faɗa tsakiyarsa a tafiya, ya sake faɗawa a dawowa.

Wannan ba mai ɓuya ba ne. Mutum ne da ya riƙe igiya da hannu tana yi masa jagora, don ba ya ganin gabansa.

Mai Sawu ya zauna a kan dugadugansa ya daɗe bai tashi ba. Jiya da suna shan shayi, ya ga surukinsa ya tsiyaya ruwan zafi a gefen kofi, ya ce hannunsa ne ya goce. Da aka miƙo masa tsarin taro ya karanta, ya ce ya mance tabarau, alhali tabarau na aljihun gabansa.

Ya ciro waya ya kira matarsa.

"Idon Baba lafiya kuwa?"



"Me ya faru, Baban yara?"

"Ki dai amsa mini."

"Kwanaki na shiga gaishe shi, sai da na yi magana ya gane ni. Na ce mu je asibiti, ya yi mini faɗan da bai taɓa yi ba. Ya ce in na gaya wa wani, ba ni ba shi. Shi ya sa na ce ka tuƙa shi. Gwiwarsa lafiya lau. Don Allah me ya faru?"

"Ki shirya ki same mu a asibiti. Shi lafiyarsa ƙalau. Zan yi miki bayani."

*

Ya sami Shugaba a ɗakinsa, zaune bakin gado, ya yi shigarsa ta taro har da hula. Mai Sawu ya durƙusa daga bakin ƙofa.

"Baba, na gama bin sawun."

"Madalla. Ina ya kai ka?"

"Ƙofar baya. Amma ba ɗakin Bakanike ba."

"Mutane da yawa suka kwana a masaukin nan, Malam."

"Haka ne, Baba. 'Yan sanda sun kusa. In suka tafi da shi, kuma matar nan Allah ya yi mata cikawa, ba zai fito da wuri ba. Yana da 'ya'ya ƙanana."



"Za a samo masa lauya. Ni zan tsaya masa."

"Baba..."

"Ka je ka yi aikinka."

Mai Sawu ya tashi ya fita, yana jin kamar shi aka kama da laifi.

*

Da hantsi ya ɗaga, Sufeto ya iso da ɗan sanda guda. Aka taru a babbar rumfar da aka shirya don rabon kyaututtuka, kofunan azurfa na jere a kan tebur ba mai kallonsu. Aka fito da Bakanike aka tsayar. Shugaba na zaune a kujerarsa ta gaba. Sufeto ya ce matar ta farfaɗo, amma ƙugunta ya karye, kuma ta baya aka buge ta, ba ta ga kowa ba.

"An ce akwai wanda ya bi sawu?"

Mai Sawu ya miƙe.

"Ni ne, kuma kuskuren farko nawa ne. Na ga takalmi, na buɗe baki ban gama aiki ba, aka doki mutum a kan maganata." Bai kalli wanda ya yi marin ba, amma mutumin ya sunkuya. "Mai gadi ya ce ya ga Bakanike. Ku sake tambayarsa."

"Ban ga kowa ba," in ji mai gadi, da kyar ake jin sa. "Barci nake."

"Akwai wanda ya je wurin motar kafin kowa, ya ga ɓarnar ya yi shiru. Ba shi ya tuƙa ba." Dillali ya cire hularsa yana murzawa. "Ba a tsinke waya ba, da mabuɗi aka tashe ta. Kuma wanda ya tuƙa ta ya san hannunta, don ba ta mutu masa ba."

"To ai duk Bakanike kake kwatantawa," in ji Sakatariya.

"Takalmin nasa ne, amma ƙafar da ke ciki ta fi tasa ƙanƙanta. Shi in zai je wurin mota, tsakiyar fili yake ratsawa, sawunsa na jiya yana nan, kowa ya je ya gani. Na asuba igiya ya bi, yana riƙe da ita. Ya yi karo da turaku. Ya faɗa kwatami sau biyu. Mutumin ba ya gani sosai. Ina jin matar ma bai gan ta ba."



"Waye?" Sufeto ya tambaya.

Mai Sawu ya buɗe baki, sunan ya ƙi fita. Ya kalli ƙasa.

"Malam, ni ba igiya zan kai ofis ba," in ji Sufeto. "Ina da takalmi, ina da mabuɗi, ina da mai su. In ba ka da wani, mu tafi da wannan." Ya yi wa ɗan sandan alama. Aka ji ƙarar ankwa.

"Ku sake shi."

Shugaba ne. Ya dafa tebur ya miƙe, hannunsa ya ture kofin azurfa guda ya faɗi, ba wanda ya ɗauka.

"Ni ne. Ni na fita da ita." Ya cire tabarau ya ajiye. "Idona ya daɗe da tafiya. Da rana ina ganin mutane dishi-dishi, in haske ya yi ƙasa kuwa sai inuwa. Ban gaya wa kowa ba. Tunda aka kafa ƙungiyar nan ni ke jan gaba da hannuna, bana aka zaunar da ni a gefe kamar kaya. Na ce bari in gwada da asuba, titi ba kowa, in na iya sai in karɓi sitiyari. Takalmana na fata ne, na ji na roba a bakin ƙofa na zura. Ban yi nisa ba na ji na bugi abu. Na ce wa kaina baro ne. Na ji ƙara kamar ta mutum. Na dai ce wa kaina baro ne, na juyo."

Sakatariya ta zauna a kujera kamar an tura ta.

"Wannan duk da sauƙi," in ji Shugaba. "Yaron nan ya kira ni sau biyu yana cewa na san shi. Ina tsaye aka mare shi."

Ya juya wajen da yake zaton Bakanike yake, ya ɗan kauce, yana fuskantar ɗan sandan.

"Ka yafe mini."

Bakanike ya murza wuyan hannunsa inda ankwa ta taɓa. Idonsa ya cika, amma bai matsa ba.

"Da ka gaya mini tun farko, Maigida, da ni zan zauna gefenka in riƙa faɗa maka hanya. Ba wanda zai sani." Ya goge fuska da singiletinsa. "Yafiya kuma, ka ba ni lokaci. Yau ba zan iya ba."

Ya fita daga rumfar ya nufi inda aka zubar masa da kaya. Mutumin da ya mare shi ya bi shi, ya durƙusa cikin taɓo da farin wandonsa yana tsince sifanoni. Sai Sakatariya, sai Dillali, sai sauran. Bakanike bai hana su ba, bai kuma ce musu sannu ba.

Ranar ba motar da ta zaga gari. Ɗaya bayan ɗaya aka lulluɓe su, kowa ya kama hanyar gida ba sallama mai tsawo.

*

Shugaba ya roƙi Sufeto alfarma guda, a biya da shi asibiti kafin ofis. Sufeto ya yarda. Mai Sawu ya bi su.

A harabar asibitin matarsa na jira, ta ga mahaifinta ya fito daga motar 'yan sanda, ta toshe baki da mayafi. Can gefe kuma 'ya'yan mai shara ne zaune a kan benci, manya da ƙanana, sun zubo musu ido. Babbar cikinsu ta miƙe tsaye.

"Su ne?" Shugaba ya tambaya a hankali. "Iyalinta?"

"Su ne, Baba."

"Suna kallona?"

"Suna kallonka."

Dattijon ya gyara hularsa, ya yi taku biyu, ya tsaya. Akwai matakala a gabansa. Ya miƙa hannu gefe, yana lalube cikin iska.

"Malam, riƙe ni. Ban ga inda zan taka ba."

Mai Sawu ya kama hannun, ya ji shi sanyi ƙalau, ba nauyi.

"Ɗaga ƙafa, Baba. Saura biyu."

Suka hau tare, suka nufi bencin.